Yaron wajena ya daina yin Hausa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Manchester muke zaune, nan aka haifi yaron, shekararsa 15. Yana jin Hausa sarai, amma tun da muka je Kano dogon hutu ya ƙi buɗe baki ya yi ta. 'Ya'yan ƙannena suka riƙa kwaikwayon maganarsa suna kiransa Bature. A makaranta kuma kullum sai an tambaye shi asalinsa. Ya ce mini can ba a karɓe shi ba, nan ma haka, abin ya tsaya mini a rai.

Islamiyyarsu da Turanci ake koyarwa, abokansa yawanci 'yan Pakistan da Somaliya ne. Babansa na son a kai shi Kano ya yi shekara guda wajen kakarsa, ni kuwa ina tsoron ya ƙara tsanar zuwa gida. Iyayen da kuka taɓa fuskantar haka, don Allah yaya kuka yi?