Tsarin Malcolm Bradbury na koyar da rubutun labari: zai yiwu a Kano?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum malamai. Muna son kafa zaman gyaran rubutu na marubuta a nan Kano, sai aka ce mu duba yadda Malcolm Bradbury ya yi a Ingila. Wane ne shi, kuma yaya ake tafiyar da irin wannan zama?

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam, malama. Marubuci ne kuma malamin jami'a. An haife shi a Sheffield a 1932, ya rasu a Norwich a 2000. Littafinsa na farko, *Eating People Is Wrong*, ya fito a 1959, amma *The History Man* na 1975 ne ya fito da sunansa, inda ya caccaki halayen wasu malaman jami'a. A 1970 shi da marubuci Angus Wilson suka buɗe digiri na biyu na ƙagaggen rubutu a Jami'ar East Anglia, lokacin da masana da yawa ke ganin rubutu baiwa ce, ba a koyar da ita. Ɗalibi ɗaya tak suka samu a shekarar farko, Ian McEwan, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci. Kazuo Ishiguro, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017, shi ma ta nan ya biyo. A ganina ɗalibansa sun fi littattafansa ɗaga sunansa, kuma wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne ga malami.

Mai Gyaran Rubutu:
Ginshiƙin tsarin shi ne rubutun ɗalibi ake karantawa, ba lacca ake yi ba. Kada ku wuce mutum 10. Kowane zama a duba aikin mutum biyu, shafi 10 zuwa 15 kowanne, kuma a raba shi mako guda kafin ranar. Kowa ya karanta sau biyu, ya zo da gyaransa a rubuce. Ana tattauna aikin mutum na minti 45, shi kuma ya yi shiru yana rubuta abin da aka ce, sai a ƙarshe a ba shi minti biyar. Dalilin shirun: da zarar ya fara "ai abin da nake nufi shi ne", an koma gyara bakinsa, takardar kuwa tana nan da matsalarta. A fara da ginin labari da taurari da zance. Ƙa'idar rubutu, irin su ɗ da ƙ da raba kalmomi, a bar ta a gefen takarda, in ba haka ba ita za ta cinye zaman.

Baba na Gwale:
Abin da zai ba ku wahala a nan kunya ce, 'yata. Ƙarami ba zai gyara wa babba a gaban jama'a ba, sai a tashi da "Allah ya ƙara basira" kawai. Maganinsa, shugaban zama ya sa ƙanana su fara magana, shi da manya su zo ƙarshe, kuma kowa sai ya nuna shafi da layin da yake nufi. Masu sakin labari kullum a WhatsApp kuma, su kawo babin da ba su riga sun saki ba, domin wanda ya fita ba mai komawa ya sake gina shi.