Zuciyata tana tsallake bugu: yaya aka gano muku inda abin yake tasowa?

Direba daga Gusau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan zuciyata kan ɗan tsaya, sannan ta buga da ƙarfi har gabana ya faɗi. Sau biyu aka yi mini ECG, gwajin da ke zana wutar lantarkin bugun zuciya a takarda, aka ce lafiya lau. Amma ni ke jin abin a jikina. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Malamar firamare a Zariya: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Haka na sha fama. ECG na 'yan daƙiƙoƙi ne, in bugun bai ɓata a lokacin ba, takardar fes za ta fito. Sai da aka rataya mini Holter, 'yar na'urar da ke ta ɗaukar bugun zuciya, na awa 24. Babu wanka ranar, alwala kawai, kuma duk lokacin da na ji tsallaken sai in rubuta ƙarfe nawa. Yawancinsa bayan la'asar ya fito, lokacin da nake shan shayi mai kauri.

Ma'aikacin jinya a Kano: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni nake manna wa mutane wayoyin ECG, guda goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, su ba da layi 12 na zanen bugun a takarda. In aka dace bugun ya ɓata ana cikin ɗauka, siffarsa kaɗai kan nuna wa likitan zuciya ko daga ɗakin ƙasa na dama yake, kusa da mafitar jinin da ke zuwa huhu, inda ya fi yawan tasowa. Don Allah Malam, ka ajiye duk takardun da aka ba ka.

Ɗalibi a Jamus: Mahaifina na raka asibiti a nan kan irin wannan matsala. Aka aske masa gashin ƙirji, aka sa masa wata 'yar falmaran mai maɓallai 252 masu ɗaukar wutar zuciya, gaba da baya, aka yi masa hoton CT, wato hoton cikin jiki, yana sanye da ita. Kwamfuta ta haɗa biyun, ta zana zuciyarsa, wurin da wutar ke fara tashi ya fito da launi daban. Ko allura ba a soka masa a zuciya ba. Sai daga baya aka zura siririyar waya ta jijiyar cinya aka ƙone daidai wurin.

Direba daga Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Litinin zan koma in nemi Holter ɗin. Malam ma'aikacin jinya, zan iya tuƙi ina ɗauke da ita?