Sabon makullin da aka yanka mini ya buɗe ƙofa amma ya ƙi tada mota

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin makullin mota a nan Maradi.

Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008 da aka kawo mini daga Kwatano da makulli ɗaya tak. Da ita nake jigila zuwa Dan Issa da Jibiya, in makullin nan ya ɓace to abincin gidana ya tsaya. Shi ya sa na kira wani mai yankan makulli da ke zuwa har gida a kan babur.

Ya yanka sabo, yana buɗe ƙofa, yana juyawa a kwantak, injin ma yana juyi amma ba ya kamawa. Ƴar jar fitilar tsaro sai ƙiftawa take. Ya jona na'urarsa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari har sau uku, kwamfutar motar ta ƙi karɓar ɗan guntun lantarkin da ke cikin kan makullin, wanda da shi take gane makullinta.

Daga baya ya ce wai nawa mai toka-toka ne, ba shi ne uba ba, baƙin shi ne uban da ake ƙara wani da shi. Yanzu yana so ya cire akwatin tsaron motar, wanda ke riƙe da bayanan makullai, ya goge shi. Nan ne gabana ya faɗi, don in ya lalace, har wanda nake da shi zai daina aiki.

Don Allah, akwai wanda aka taɓa yi wa haka lafiya? Ko kuwa na'urarsa ce ba ta kai ba, in tafi da motar Katsina?