Yashin tukwane zai ɗauki titaniyam?

Mai Tukwane, Agege: Salamu alaikum 'yan zaure. Wani ɗan gwangwan ya kawo min guntun ƙarfe daga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin a Legas, ba nauyi, maganaɗisu ba ya kama shi. Da na ɗora shi a giranda sai tartsatsi fari fat. Ya ce titaniyam ne. Ni dai na ce in wuta ta kai, yashin da nake zuba tukwanen gorar ruwa zai ɗauke shi. Zubi ai zubi ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Oga. Gorar ruwa a digiri 660 take narkewa, titaniyam sai 1668. Kuma ba zafin ne kaɗai ba. In ya narke, kwaɗayin oksijin gare shi, yashi kuwa silika ne, oksijin na jikinsa. Yana taɓa mazubi zai zuƙe oksijin ɗin, saman kayan ya yi ɓawo mai tauri mai saurin tsagewa.

Baba Maƙeri: Ɗana, ban yarda ba. Mutanen Ife da Binin da yumɓu da kakin zuma suka zuba kawunan tagulla, ga su nan har yau.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba, hanyar kakin ce har gobe. Tagulla ce ba ta cin yumɓu. A zubin titaniyam, ana tsoma siffar kakin cikin kwaɓi shafi bayan shafi don yin mazubi; shafin farko, wanda zai fuskanci ƙarfen, na garin wani sinadari ne, itiriya, mai jure sama da digiri 2400, ko zirkoniya. Shafe-shafen baya ne ake yi da mai araha. Narkarwar ma a ɗakin da aka zuƙe wa iska ake yi, cikin kaskon jan ƙarfe da ruwa ke sanyaya shi.

Ɗalibi, Yaba: Yallaɓai, ƙonanniyar farar ƙasa fa? Malaminmu ya ce ba ta faɗa da titaniyam, ga araha.

Injiniya: Gaskiyarsa, amma tana shan raɓa ta kumbura, mazubin ya farfashe. Ka tuna damshin Legas da damina.

Mai Tukwane: To in ɓawo ne kawai, ai sai in goge abina.

Injiniya: Masana'antu ma da asid suke cire shi. Kai kuwa a fili za ka narka, oksijin zai ratsa har cikinsa. Don Allah, Oga, garin da ya zuba ƙarƙashin girandar nan ka share shi. Yana kamawa da wuta, ruwa kuma ƙara masa yake.

Baba Maƙeri: Na shara na yarda. Na yumɓu, sai na gani da idona.