Neman kalma: zaɓen da Birtaniya za ta yi kafin lokacinsa, me za mu kira shi?

Mai Labaran Yamma: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman agaji kafin ƙarfe biyar, don da shida zan shiga karanta labarai. Jiya Talata, 29 ga Oktoban 2019, majalisar wakilan Birtaniya ta amince, ƙuri'a 438 a kan 20, cewa a yi babban zaɓe ran 12 ga Disamba, alhali bisa doka sai Mayun 2022 lokacinsa zai yi. Snap election suke ce masa. Na rubuta "zaɓen gaggawa" amma bai kwanta mini ba. Sannan ga Brexit: in bar shi yadda yake ne, ko in riƙa jan "ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai" duk inda ya fito? Sau biyar ya fito a labari ɗaya.

Bakano: Wa alaikumus salam. Zaɓen gaggawa. Shi kunne ya saba da shi, ki wuce kawai.

Malamar Hausa: Ni ma gaggawa ba ta yi mini ba. Duba inda muke sa ta: agajin gaggawa, taron gaggawa, sashen gaggawa na asibiti. Duk wurin da wani abu ya ɓaci ne ake rige-rigen tare shi. Mai sauraro zai ɗauka wata masifa ce ta auka wa Ingila. Kuma zaɓen da aka ba mutane mako shida su yi yaƙin nemansa, ina gaggawa a ciki? Ni "zaɓen ba-zata" nake gani.

Ɗalibi a Ingila: Malama, ba-zata ya dace da na 2017, amma ban da wannan. A Afrilun 2017 Theresa May, firaministar Birtaniya a lokacin, ta fito ƙofar ofishinta ta ce za a yi zaɓe ran 8 ga Yuni, bayan ta sha nanata cewa ba za ta kira zaɓe ba. Wannan kam ba wanda ya zata. Na bana kuwa tun Satumba Firaminista Boris Johnson yake roƙon a yi shi. Sau uku yana kai buƙatar gaban majalisa yana rasa kashi biyu cikin uku da dokar 2011 ta gindaya, wato ƙuri'a 434 daga kujeru 650. Sai jiya ya bi ta wata hanya, ya kawo gajeren ƙudurin doka wanda rinjaye kawai yake buƙata. Nan ko direban bas ka tambaya ya san zaɓe na tafe.

Ɗan Damagaram: Mu a Nijar abin ba baƙo ba ne, kuma muna da sunansa: zaɓen gaba da wa'adi. A 1994 Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa, aka yi zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka yi rinjaye, dole ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista. Tandja ma ya rusa ta a 2009. Ku a Nijeriya tsarin mulkinku ya kafe shekara huɗu, shugaba ba ya iya sallamar majalisa, shi ya sa kuke lalube.

Malamar Hausa: Wa'adi ita ce kalmar da ake nema, na yarda. "Gaba da" ce matsalata. In na ce gidanmu yana gaba da masallaci, sai ka wuce masallaci za ka same shi. In na ce nan gaba, abin bai zo ba. Ɗalibaina za su fahimci an ɗage zaɓen ne ya zarce wa'adi, akasin abin da ake nufi ke nan. A ce "gabanin wa'adi" ko "kafin wa'adi".

Tsohon Tafinta: Duk na karanta. 'Yata, kada ki ɗauki ko ɗaya. Sunan wannan abu zaɓen shammata.

Ku saurara. Ba-zata yana magana ne a kan wanda abin ya zo wa. Kafin wa'adi yana magana ne a kan kalanda. Babu wanda ya taɓo niyyar mai kiran zaɓen, alhali nan ne zuciyar maganar take. Me ya sa mai mulki, da sauran shekaru a hannunsa, zai ce a koma rumfar zaɓe? Ya hango abokin hamayyarsa bai shirya ba ne. Kamar ɗan kokawa ne da ya cafki abokin karawarsa tun bai gama ɗaure walki ba. Theresa May ta ga ƙididdigar jin ra'ayi ta nuna ta yi wa jagoran 'yan adawa Jeremy Corbyn fintinkau, ta ce bari ta ƙara yawan kujerunta kafin ta zauna ciniki da Turai. Wannan shi ne shammata, ba wani abu ba. Kalma ce tamu, gajera, tsohuwa a ƙauye ta san ta, ba ta buƙatar bayani. Na yi shekaru ina fassara, na san kalmar da ke zama da wadda iska ke kwashewa.

Ɗalibi a Ingila: Baba, ai kuwa ita ta sha ƙasa. Ta shiga da rinjaye ta fito babu shi, kujeru 317 ta samu, sai da ta jingina da jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa mai kujeru 10 kafin ta kafa gwamnati. Daga nan majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai har sau uku, ta sauka.

Tsohon Tafinta: Wanda ya yi shammata aka kayar da shi, shammata dai ya yi.

Mai Labaran Yamma: Ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗi a baki, amma ba zan iya karanta ta a labarai ba. In na ce shammata na yanke hukunci cewa makirci aka ƙulla. Kuma jiya jam'iyyar adawa ta Labour da kanta ta goyi bayan a yi zaɓen. Wa aka shammata?

Tsohon Tafinta: Sun goyi baya ne don ba yadda za su yi. Ku 'yan jarida na yanzu kun mai da tsoron faɗin gaskiya ƙa'idar aiki. Tunda kuma an zo nan, Brexit ɗin nan ma ban yarda da shi ba. Bature ya ɗauki kan sunan ƙasarsa ya haɗa da kalmarsa ta fita, ya yi kalma ɗaya. Mu ba mu da baki ne? A ce Birfita. Birtaniya, fita. Magabatanmu da aka kawo musu sunan babbar majalisar duniya ba su kwafe shi ba, sun zauna sun ce Majalisar Ɗinkin Duniya, ga ta nan har yau, ta ma fi ta Turancin ma'ana.

Bakano: Birfita? Baba, wallahi za a ɗauka sunan wani gari ne a hanyar Gumel.

Ɗan Damagaram: Mutanen Sakkwato da Tawa kuma su ce Birhita.

Malamar Hausa: Baba, Ɗinkin Duniya ta zauna ne domin ta bi tsarin Hausa: suna, da harafin mallaka, da suna. Gutsuro kan wata kalma a liƙa wa wata ba ɗabi'ar harshenmu ba ce. Mu da jimla muke gina suna: faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal, ka-ce-na-ce. Birfita kalmomin Hausa ne a cikin ƙirar Turanci, ta fi Brexit ɗin ma zama aro. Shi Brexit ko ba komai ya fito fili cewa baƙo ne.

Tsohon Tafinta: Malama, nahawu kike koyarwa, ni kuwa mutane na yi wa tafinta. Ba da allo ake auna kalma ba.

Bakano: Ni dai abin da na sani, "gaba da wa'adi" Faransanci ne aka juya. Kuna ji kun san ba daga Kano ya fito ba.

Ɗan Damagaram: To Hausa a Kano aka yi mata rajista? Ku da kuka cika gari da "inkwankulusib", wato zaɓen da bai kammala ba, a watan Maris, har yara na waƙarsa, ku ne za ku yi mana gorin aro? Mu ko ba komai mun nemo wa'adi, kalmar da ke cikin harshen. Kullum in magana ta fito daga Zinder ko Maradi sai a ce ba daidaitacciya ba ce. Wa ya daidaita ta, kuma da wa aka yi shawara?

Bakano: Ban ce ba Hausa kuke yi ba, yallaɓai. Amma rubutu da karin Kano ake yinsa, wannan ba ni na kafa ba.

Ɗan Damagaram: Rubutu daban, mallaka daban.

Tsohon Tafinta: Inkwankulusib ɗin nan shi ne abin da nake gudu. An yi sakaci ba a ba mutane kalma a kan lokaci ba, suka ɗauki ta Bature suka lanƙwasa. Yau in aka bar Brexit, gobe jikokinmu rabin zancensu ba namu ba ne. Gidajen rediyo su ne makarantar wanda bai je makaranta ba. Abin da yarinyar nan za ta faɗa da ƙarfe shida, shi za a maimaita a majalisar shayi da daddare.

Ɗalibi a Ingila: Baba, Faransawa da Jamusawa da Larabawa duk Brexit suke cewa, harshensu bai mutu ba. Suna ne na abu guda da ya faru a ƙasa guda.

Tsohon Tafinta: Su suna da hukumomi da jaridu da ɗakunan buga littafi da ke tsare musu harshe. Kai kuma kana zaune a cikinsu, dole ya yi maka daɗin ji.

Mai Labaran Yamma: Don Allah malamai, huɗu ta wuce. A taimaka a dawo kan magana. Wani abokin aikina ma yanzu ya ce in sa "ɓallewar Birtaniya", wai ta fi ficewa ƙarfi.

Malamar Hausa: Kada ki sa. Ɓallewa ta ɓangaren ƙasa ce da ke son ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, kuma duk ɗan Nijeriya da ya ji ta Biyafara zai tuna. Birtaniya ƙasa ce mai 'yancinta, ta shiga ƙungiyar a 1973 da ƙafarta, kuma sashe na 50 na yarjejeniyar ƙungiyar ya ba kowace ƙasa damar fita. Da wannan sashe May ta yi amfani a Maris ɗin 2017. Wannan ficewa ce. Ki adana ɓallewa, za ki buƙace ta, domin 'yan Scotland na nan suna neman a sake musu ƙuri'ar rabuwa da Birtaniyar kanta.

Ɗalibi a Ingila: Haka ne. A 2014 sun zaɓi zama da kashi 55 cikin ɗari. Amma a ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016, da ƙasar gaba ɗaya ta zaɓi ficewa da kashi 52 a kan 48, su kashi 62 suka ce a zauna a Turai. Shi ne hujjar shugabar gwamnatin Scotland, Nicola Sturgeon, yanzu, cewa ana jan su fita ba da son ransu ba. Anti, in da hali ki sa layi ɗaya da zai nuna dalilin zaɓen. Johnson ya yi alkawarin fita gobe 31 ga Oktoba ko ta halin ƙaƙa, majalisa ta ɗaure masa hannu, Turai ta ƙara wa'adi zuwa 31 ga Janairun 2020. Ba shi da rinjaye, musamman tun da ya kori 'yan majalisarsa 21 daga jam'iyya a Satumba. Zaɓen nan neman kujerun da za su wuce masa da yarjejeniyarsa ne. Mutane a nan sun gaji, iyalai sun rabu biyu a kan maganar, kuma wannan ne zaɓen Disamba na farko tun 1923, ga sanyi ga duhu da wuri.

Bakano: Ni har yanzu ban ga laifin waɗanda suka ce a fita ba. Ƙasa ta ce tana son ta riƙe iyakarta da dokarta, an yi ƙuri'a, sun ci. Shekara uku 'yan majalisa na ta jan ƙafa. Da a Afirka aka yi haka da sun aiko mana da masu sa ido.

Ɗalibi a Ingila: Yaya, takardar ƙuri'ar ba ta ce wace irin fita ba. Maganar iyakar da ke tsakanin Ireland ta Arewa da ƙasar Ireland kaɗai ta isa ta hana mutum barci.

Malamar Hausa: Wannan a buɗe masa nasa zaren. Ƙanwata, ga shawarata. Farkon ambato ki ce "babban zaɓe kafin cikar wa'adi", daga nan "zaɓen kafin wa'adi". Na biyun kuma farko ki ce "ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai", sauran wuraren "ficewar" kawai ta isa, mai sauraro ya riga ya san wace.

Ɗan Damagaram: Wato namu ne aka canza wa kalma ɗaya. Ba komai, ku ɗauka. Mu dai ba za mu daina cewa gaba da wa'adi ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya ruɗe ba.

Mai Labaran Yamma: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A cikin labarin na sa "zaɓen kafin wa'adi" da "ficewa". Kanun labarai kuwa edita ya ce ya yi tsawo, ya mayar da "zaɓen gaggawa", kuma ya ce a bar Brexit sau ɗaya a farko don masu bibiya a intanet. Na yi gardama, bai saurara ba.

Bakano: Ai na faɗa tun farko.

Malamar Hausa: Edita ya zaɓa don tsawon layi, ba don ma'ana ba. Ni a aji kafin wa'adi zan koyar.

Tsohon Tafinta: Kafin wa'adi ba kuskure ba ne, amma bayani ne, ba suna ba. Birfita na janye ta tunda Malama ta kawo hujjar ƙira, zan sake tunani a kanta. Shammata kam ban janye ba. 'Yata, in kina da shirin sharhi a ƙarshen mako, inda aka yarda mutum ya faɗi ra'ayinsa, ki gwada ta sau ɗaya ki ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Labaran Yamma: Zan kai wa mai shirin, Baba, amma ban yi alkawari ba. Na shiga.