Billie ko Ella: wace ce mawaƙiyar jaz ta haƙiƙa?

Malam Kabiru: Salamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau zan fito da ita, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri. Ella Fitzgerald gwanar murya ce, ba mai musun wannan, amma mawaƙiyar jaz (kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka) ta haƙiƙa Billie Holiday ce. Ella za ta rera maka waƙar rabuwa ka ji kamar gidan biki za ta. Billie kuwa tana buɗe baki, ko ba ka jin Turanci ka san matar nan ta sha wuya. Ku ɗauki Strange Fruit ta 1939, waƙar da ke magana kan baƙaƙen fatar da ake ratayewa a bishiya a kudancin Amurka. Kamfanin Columbia ya ƙi ɗaukarta don tsoro, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya naɗa. A gidan Café Society na New York, in za ta rera ta sai masu raba abinci su tsaya cak, a kashe fitilu, a bar ƙwaya ɗaya a kan fuskarta. Tana gamawa ɗakin ya yi duhu, in haske ya dawo ba ta nan. Ku nuna mini abu ɗaya na Ella da ya kai wannan nauyi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Kabiru, nauyin waƙar nan na yarda da shi, ni ma ba na iya jin ta sau biyu a jere. Amma ka gina maganarka a kan cewa Billie ta sha wuya, Ella kuwa ba ta sha ba, kuma nan ne ka kauce. Mahaifiyar Ella ta rasu a 1932 tana 'yar shekara goma sha biyar. An kai ta gidan horar da yara mata, ta gudu, ta dawo tana kwana inda dare ya yi mata a unguwar Harlem ta New York. Daren da ta ci gasar sababbin hannu a gidan Apollo a 1934, rawa ta je yi, da ta ga waɗanda suka riga ta sun fi ƙarfinta sai ta juya ta yi waƙa. Ko bayan ta yi suna, a 1955 'yan sanda sun kama ta a ɗakin shiryawa a birnin Houston tare da mai busa ƙaho Dizzy Gillespie, a wasan da aka shirya farare da baƙaƙe su zauna wuri ɗaya. Ta san wulaƙanci, ta san yunwa. Abin da ta yi shi ne ba ta kawo su kan dandamali ba. Mace ta haɗiye baƙin cikinta ta faranta wa jama'a, sai a ce ba ta da zuciya?

Malam Kabiru: Hajiya, ban ce ba ta da zuciya ba. Na ce ba na jin zuciyar a cikin muryar. Labarin zuciya ai a fuska ake tambayarsa, fuskar mawaƙi kuwa muryarsa ce.

Sadiya: Ni fa sabuwar shiga ce, bara na fara saurare, amma ina bayan Kawu Kabiru. Ella tana burge ni, Billie kuwa sa ni kuka take. Na ji faifanta na 1958, Lady in Satin, muryar duk ta dushe, wani wurin kamar ba za ta kai ƙarshen baiti ba, amma na kasa kashewa.

Nura: Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ke busa ƙaho, don ina ganin Malam Kabiru yana rage wa Billie daraja ne ba tare da ya sani ba. In ka ce wahala ce ta sa ta zama abin da ta zama, ka kwashe mata aikinta ke nan. Mata nawa ne suka sha irin wuyar da ta sha a Baltimore da Harlem? Ina faifansu? Abin da Billie take da shi ilimi ne na lokaci. Ganga tana tafiya ɗaya, biyu, uku, huɗu, ita kuwa sai ta ƙi sauka a kan bugun, ta ɗan ja baya kamar mai tafiya a bayan ayari, har ka fara tsoron an bar ta, sai ka ga ta iso daidai inda ake so. Na yi watanni ina ƙoƙarin kwaikwayon wannan jan baya a ƙaho, in na yi kaɗan ba ya fitowa, in na yi da yawa waƙar ta ɓaci. Sannan muryarta ba ta da faɗi, ba ta hawa sama sosai ba ta sauka ƙasa sosai, don haka sai ta rushe karin da marubucin waƙa ya tsara ta sake gina shi da sautuka kaɗan. Ita da bakinta ta ce daga faifan Louis Armstrong da Bessie Smith ta koya, kuma in ka kasa kunne za ka ji tana lanƙwasa kalma yadda mai busa ke lanƙwasa sauti.

Kuma Sadiya, ki koma baya ki ji abin da ta naɗa da Teddy Wilson mai fiyano daga 1935. Tana 'yar shekara ashirin, muryar cike da fara'a da tsokana, What a Little Moonlight Can Do gudu take kamar doki. A wurina nan ne ta fi kowane lokaci iyawa, kuma babu kuka a ciki ko ɗigo.

Sadiya: Yaya Nura, to me ya sa na ƙarshen ya fi taɓa ni?

Nura: Don kin san labarinta, ƙanwata. Kin san an ɗaure ta a 1947 kan miyagun ƙwayoyi, an ƙwace mata katin izinin waƙa a gidajen rawa na New York, kin san ta rasu a watan Yulin 1959 tana da shekara 44, 'yan sanda na gadin ɗakinta na asibiti. Da wannan a ranki kike saurare. Ban ce laifi ba ne, amma tausayi daban, gwaninta daban.

Baba Tanko: Na jima ina jin ku, 'ya'yana. Mu a rediyo muka san mutanen nan, a gajeren zango, shirin jaz na Muryar Amurka da Willis Conover yake gabatarwa da muryarsa mai nauyi, yana magana a hankali don waɗanda Turancinsu bai nuna ba. Sai ka riƙe maɓallin kamo tasha kana juyawa a hankali, sauti ya zo ya tafi kamar iska na kaɗa shi. Ba mu san tarihin kowa ba a lokacin, kunne kawai ke hukunci. Kuma wannan gardamar taku ta girme ku duka. A watan Janairun 1938 an yi karo a zauren rawa na Savoy a Harlem, ƙungiyar Chick Webb da Ella a gefe ɗaya, ƙungiyar Count Basie da Billie a ɗaya gefen. Webb aka ba nasara a daren, amma mutane suka watse suna musu.

Kabiru, kai nake so in yi wa tambaya. Mene ne jaz in ba ƙirƙira nan take ba? A Berlin, a 1960, Ella ta ɗauko Mack the Knife, tun farko ta gaya wa jama'a tana fatan za ta tuna baitocin. Tana tsakiya suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba, ba ta saki bugun ba. Ta shiga ƙaga baiti a kan cewa ta manta, ta ambaci waɗanda suka rera waƙar kafin ita, ta kwaikwayi muryar Armstrong mai kaushi, kana jin dariya a maƙogwaronta. Wannan faifan har kyautar Grammy ya ci. Tana sauke ta kuma ta shiga How High the Moon, ta ajiye kalmomi gaba ɗaya, ta mai da bakinta ƙaho, tana zuba sauti cikin gudun da masu busa da yawa ba za su iya bi ba. In wannan ba jaz ba ne, ban san abin da na yi shekara sittin ina saurare ba.

Malam Kabiru: Allah ya ƙara girma, Baba. Na Berlin ban da ta cewa. Amma ni ma a bar ni in kawo nawa. Akwai shirin talabijin na Disambar 1957, The Sound of Jazz. Billie na zaune a kan kujera mai tsawo, ta ɗaure gashinta baya, makaɗa sun kewaye ta, tana rera Fine and Mellow. Mai busa saksafon Lester Young na nan, wanda ya raɗa mata suna Lady Day, ita kuma ta raɗa masa Prez. Sun daɗe ba sa ga maciji, shi kuma ba shi da lafiya, a zaune yake. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe ya busa zagaye ɗaya tak, a hankali, ba ado. Ku dubi fuskarta a lokacin: ta ɗaga gira, tana gyaɗa kai, ta ɗan ciji leɓe, murmushi na neman kufce mata. Kafin shekara biyu duk sun rasu, shi a Maris ita a Yuli. Nura, ka kira wannan ilimin lokaci in kana so. Ni abin da na gani ya wuce lissafi.

Nura: Abin da ka gani shi ne makaɗiya tana sauraron makaɗi, Malam. Ta san kowane sauti da ya zaɓa da wanda ya bari. Hujjata ka kawo mini.

Hajiya Rabi: Malam Kabiru, roƙo ɗaya zan yi maka. Ka ajiye manyan faya-fayen da Ella ta yi wa kamfanin Verve daga 1956, na waƙoƙin Cole Porter da sauransu, tunda na san za ka ce gogen da ke bayanta ya yi yawa. Ka nemi wanda ta yi a 1950 na waƙoƙin Gershwin, ita da Ellis Larkins kaɗai a fiyano. Ba ganga, ba ƙaho, ba inda murya za ta ɓuya. Ka ji Someone to Watch Over Me da dare bayan yara sun yi barci, sannan ka dawo mu yi magana.

Malam Kabiru: Hajiya, na ji, sau uku. Akwai wurin da take sassauta murya kamar mai magana da kanta a ɗaki, kana jin fitar numfashinta. Maganar gidan biki na janye ta, ban yi mata adalci ba. Amma in aka ce in ɗauki faifai ɗaya in bar sauran, har gobe na Billie zan ɗauka, kuma na 1937 da Lester a gefenta, ba na 1958 ba. Wannan kam Nura ya ja ni.

Sadiya: Ni har yanzu ina kan na 1958. Amma zan nemi na Teddy Wilson ɗin yau.

Baba Tanko: Ki nema, 'yata. In kin gama ki ƙara da wanda Sarah Vaughan ta yi da Clifford Brown a 1954. Tun ɗazu nake jira in ji wani cikinku ya ambaci sunanta.