Keke mai inci nawa ya dace da yaro ɗan shekara 6? Ni da babansa mun kasa daidaitawa

Ummu Sadiƙ, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu yara da waɗanda suka san harkar keke ku ba ni shawara, magana ce ƙarama amma ta kusa zama rigima a gidan nan. Yarona shekararsa 6 da wata 4, tun yana ɗan shekara 3 yake da wani ɗan keke mai inci 12 irin mai ƙananan tayoyin nan biyu a baya, yanzu in ya hau gwiwarsa har dukan kan keken take yi, ya yi wani ƙudundune abin tausayi. Babansa ya yi masa alkawarin sabo in ya haddace izu biyu, to ya haddace, kullum da zancen muke tashi. Jiya bayan isha'i muka je shago, mai shagon kallonsa kawai ya yi ya ce magas 20, wato keke mai inci 20, babansa kuma ya ce a'a a kawo 24 tunda yaro girma yake yi, wai shi ba zai riƙa sayen keke duk shekara kamar takalmin makaranta ba. Ni kuwa da na ga yaron a kan 24 ɗin gabana faɗuwa ya yi, ƙafarsa ko kusa da ƙasa ba ta kai ba. Haka muka dawo hannu rabbana yana ta kuka a mota. Har yanzu fa bai iya tuƙi ba tare da ƙananan tayoyin ba. Wanne zan tsaya a kai?

Mai Faci, Makka:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi ya sa albarka a karatun. Na daɗe ina gyaran sekal, wato keke, a unguwarmu, abin da na fi gani kenan, uba ya sayi keke kamar yadda ake ɗinka wa yaro rigar salla da tsawo don ta kai baɗi. Riga in ta yi yawa naɗe hannu ake yi, keke kuwa ba a naɗe shi.

Lambar nan da ake faɗa, 12, 14, 16, 20, 24, faɗin taya ce da inci, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Kekunan manya da girman ƙarfen jikinsu ake auna su, na yara kuwa da taya. In kin duba gefen tayar za ki ga an rubuta misali 16 x 2.125 ko 20 x 1.95, ta farko ita ce magas ɗin, ta biyu kaurin tayar. Larabawa tayar suke ce wa kafar, farkon zuwana na ɗauka ƙafarmu ta Hausa suka ara, hhh. A ƙiyasi dai 12 na yaro ne mai tsawon santimita 85 zuwa 100, 16 kamar 105 zuwa 120, 20 daga wajen 115 zuwa 135, 24 kuwa sai yaro ya kama 130 zuwa sama, yawanci ɗan shekara 8 ko 9 ke nan. Kin ga Alhaji ya tsallake aji guda har da rabi. Amma kada ki riƙe wannan kamar karatun allo, kamfani da kamfani suna bambanta, na sha ajiye keke biyu duk 20 gefe da gefe sirdin ɗaya ya fi na ɗayan tsawo da kusan tafin hannu.

Abin da ba ya ƙarya shi ne tsawon ƙafar yaron. Ki sa masa takalmin da zai riƙa hawa da shi, ya jingina da bango ya ɗan ware ƙafa, ki saka littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinsa ki ɗaga sama har ya tokare kamar yana zaune a sirdi, sai ki auna daga saman littafin zuwa ƙasa da tef ɗin tela. Ki tafi shago da tef ɗin a jaka, ki ce a sauke sirdi har ƙarshe ki auna daga samansa zuwa ƙasa. Yaron da bai iya ba tukuna, dole in ya zauna tafin ƙafarsa biyu su dafe ƙasa sosai, wato sirdi kada ya wuce tsawon ƙafarsa. Wanda ya ƙware ko kan yatsu ne suka taɓa ya isa. Auno min shi tukuna mu ji.

Dattijon Hindawiyya:

Ni fa ina bayan maigidan. Yaran yanzu an cika lallaɓa su. Mu a Kano da Raleigh ɗin babanmu muka koya, mai inci 28, sai ka zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen ka karkace kana tuƙi kamar mai ciwon kwankwaso, ko mu tara kwabbai mu je wajen mai haya a ba mu Phoenix na rabin awa. Wa ya auna mu da tef? Ka faɗi ka tashi ka shafa ƙasa a ciwon. 'Yata ki bari a sayi babban, wata shida zai kamo shi, kuɗi ba a bishiya ake tsinko su ba.

Maman 'Yan Biyu, Madina:

Baba Allah ya ƙara girma, amma ku a kan rairayi kuka faɗi, lungunku kuma in ba jaki ba sai mai tura ruwa. Nan kwalta ce da siminti, ga motoci fake hagu da dama yaro ba ya ganin mai fitowa, ga masu kai saƙon abinci a babur kamar an koro su.

Yaya Ummu Sadiƙ bari in ba ki nawa labarin. Irin wannan lissafin muka yi wa Hassan ɗina yana shekara 6, aka sayo masa 24 mai giya da sifirin gaba da baya, ja wur, gwanin kyau. Ranar farko ya zo tsayawa a bakin bagala, wato kantin unguwa, yatsunsa ba su kai ga birki ba, ya zamo daga sirdi zai sa ƙafa ya faɗa kan ƙarfen tsakiya, ba sai na faɗa miki inda ya bugu ba, keken kuma ya danne shi ya kasa ɗagawa. Ba wani babban ciwo alhamdulillah, gwiwa ce ta kuje, amma tsoro ya shige shi, keken nan ya fi shekara a saman bene rana na dukansa har tayoyin suka tsattsage, sirdin ya ɓarɓashe. Ranar da ya isa hawansa sai da muka canja taya da tub duka. To ina arhar?

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne nauyi. Don neman magana na ɗora shi a sikelinmu na gida, kilo 15 da wani abu, yaron kuma lokacin kilo 20. Ki ƙaddara ke ce aka ba ki keken da ya kai kashi uku cikin huɗu na nauyinki aka ce ki hau tudu da shi. Sifirin ɗin nan na kekunan arha ado ne kawai da ƙarin ƙarfe, ƙaramin yaro ko motsa shi ba ya iya yi. Ki ɗaga keken da hannu ɗaya a shagon, ki kuma sa ya matse birki da kansa a gabanki, wasu akwai ɗan kusa da ake juyawa ya matso da hannun birkin kusa da yatsu. Hular kwano kuma kada ki bari a ce sai wani zuwan.

Ummu Sadiƙ, Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na auna shi yanzu da littafin lissafinsa, tsawonsa santimita 116, ƙafar kuma 52. Na karanta wa babansa labarin Hassan ya yi shiru, ya sauko daga 24 amma ya ce ƙasa da 20 ba da kuɗinsa ba. Akwai kuma 18 na gani a shagon, shi ba raba gardama ba ne?

Mai Faci, Makka:

To Hajiya yaronki a bakin iyaka yake, shi ya sa kowa ke ganin nasa daidai. 18 zai zauna masa, matsalarsa ɗaya, ba kowane shago ke ajiye tayarsa da tub ɗinsa ba, 16 da 20 kuwa ko ina kika leƙa akwai. In za ki sayi tub nan lastik suke cewa, kuma ki ɗauki hoton rubutun gefen tayar, akwai wata lamba ta milimita, 16 ɗin da aka saba 305 ne, 18 kuma 355, 20 kuwa 406, don akwai wani 20 ɗin mai 451 wanda ba sa shiga juna ko kaɗan.

Da ɗana ne ga yadda zan yi. Yawancin 20 na kasuwa ko an sauke sirdi ƙasa ya fi 52, wanda ya iya ba damuwa, amma naki yanzu zai koya. In nemi 16 na hannu mai lafiya, a manhajar saye da sayarwa ta Haraj ko ranar hutu Alhaji ya leƙa kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh tunda kuna Jidda, kekunan yara ba sa tsufa, barinsu ake yi. Kada a saka masa ƙananan tayoyin nan, su ne suke hana yaro koyon daidaita jiki, jingina kawai yake yi. A cire feda biyun ma, a sauke sirdi, ya riƙa tura kansa da ƙafa yana ɗagewa, in kun fita Kornish, bakin teku, da dare wajen hanyar kekuna ko dai wani fili marar mota, ranar da kika ga yana tafiya mai nisa ƙafa a sama sai a mayar da feda. Da sifana mai lamba 15 ake kwancewa, kuma ki gaya wa Alhaji fedar hagu a juye haƙorinta yake, ɓangaren da ake ɗaure ta dama nan ake kwance ta hagu, mutane da yawa sun kawo min bayan sun cinye haƙorin da ƙarfin tsiya. In ya ƙware, baɗi war haka ƙafarsa ta ƙaru, sai a sayi 20 sabo fil ya more shi shekara biyu zuwa uku. In ana ɗaga sirdi a kula akwai layi a jikin sandar, kada ya fito waje. Sarƙa kuma a riƙa ɗiga mata mai, iskar Jidda da gishirinta ba ta raga wa ƙarfe.

In kuwa Alhaji ya kafe a kan 20, to a zagaya da tef har a samu mai gajeren jiki, marar giya marar sifirin, wanda in yaron ya tsaya a ƙasa keken na tsakanin ƙafafunsa yatsu biyu ko uku za su shiga tsakaninsa da ƙarfen.

Dattijon Hindawiyya:

Keke biyu kenan fa a shekara biyu, kun ga abin da mutumin ke gudu.

Ummu Sadiƙ, Jidda:

Baba ai yana da ƙanwa 'yar shekara 3, ita za ta karɓi 12 ɗin yanzu, 16 ɗin ma kanta zai dawo, da wannan na ci galaba a kan babansu. Saura Sadiƙ ɗin, ya ji ana cewa na hannu ya ɓata rai wai shi ba izu biyu na hannu ya haddace ba. Mun dai shirya a kan za a sa masa sabuwar ƙararrawa da fitila, kuma sai ya zama shuɗi. Malam in mun je ranar Asabar zan turo hoton wanda muka gani kafin a biya, ka duba mana birkin.